Karsana a Gaban Jirgi

"Kashe injin! Kai mai jirgi, kashe injin nan!"

Mus'ab bai ga mai ihun ba. Abin da ya gani da jirginsa ya karyo kwanar Tsibirin Gawo shi ne ƙahoni, farare tas, sun tare kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Garken shanu ne ke iyo zuwa kiwo, hancinansu kawai a sama.

Ya kashe injin, amma ƙarar ta riga ta yi ɓarna. Shanun suka watse. Wata jar karsana da ke can ƙarshen layi ta juya a firgice, igiyar ruwa ta ɗauke ta, ta yi ƙasa da ita. Malaman makarantar da ya ɗauko daga Gaya yawon kwana ɗaya suka kaure da salati, matansu suka riƙe yara.

"Kowa ya zauna inda yake! Kada wanda ya cire rigar ruwansa!"

Ya fizgi igiya, ya ɗaura bakinta a jikin jirgin, ya faɗa ruwa. Karsanar ta nutse, ta ɓullo, ta sake nutsewa. Da ƙyar ya cim mata, ya zarga igiyar a ƙahonta, ya tallafo haɓarta da kafaɗarsa. Malamai biyu suka ja, wani ya ɗauki gora yana tura jirgin, har ƙafar dabbar ta taɓa yashi.

A nan ya ga mai ihun. Budurwa ce doguwa, ta shigo ruwa har gwiwa da hijabinta, ta yar da ƙwaryar furar da ta kawo a kan yashi. Ta rungume wuyan karsanar tana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Sai da dabbar ta yi atishawa ta girgije jikinta sannan budurwar ta ɗago.

"Alhamdu lillahi," in ji Mus'ab yana haki. "Ta tsira."

"Au, godiya kake jira? Kai ka jefa ta, kai ka tsamo ta."

"Ban san shanu na tsallakawa war haka ba."

"Shekara nawa suna tsallakawa kafin a ƙera wannan abin naka mai kukan injin markaɗe?"

Wata mata a cikin jirgi ta ƙyalƙyale da dariya. Mus'ab ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya dai lura idanun budurwar sun cika da hawaye duk da tsiwar.

Mus'ab ɗan garin Balan ne, gidansu manoma kaf. Tuƙi ya koya a wurin dangin mahaifiyarsa masunta. Da ya gama karatu aiki bai samu ba, sai ya lura duk ƙarshen damina kogin da ya ratsa ƙasar Ajingi yana cika ya yanyanke tuddai ya mai da su tsibirai, da tsuntsaye da furen bado da inuwa mai sanyi. Ya gyara tsohon jirgin kawunsa, ya yi masa rumfa, ya sa hotuna a waya. Yanzu duk Asabar da Lahadi yana ɗaukar mutane da hantsi daga mashigin Toranke, ya zaga da su tsibiran, su ci abinci a gindin gawo, ya dawo da su bayan la'asar. Lambar wayarsa na rubuce ɓaro-ɓaro a jikin jirgin.

Kwana biyu bayan haka yana wanke jirgi saƙo ya shigo.

"Salam. Wule ta ci ciyawa, ta sha ruwa. Ta ce in gaya maka ba ta yafe ba."

Ya goge hannu a riga da sauri har wayar ta kusa faɗawa kogi.

"A ba Wule haƙuri. Me zan kawo mata na ban-baki? Kuma wace ce sakatariyarta?"

"Dusa buhu ɗaya. Sakatariya sunanta Khaula Bubayero, malamar firamare a Toranke. Ba ta karɓar cin hanci."

Washegari ya kai dusar.

Wule ba kamar sauran shanun ba ce a wurin Khaula. Jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ranar sunanta ce, kuma ita kaɗai ta rage daga wannan tsatson. Mus'ab ya fahimci haka tun a hirarsu ta farko a ƙofar gidan gwaggonta, don haka duk saƙon safe da Wule yake farawa.

"Barka da asuba Uwar Wule. Ya 'yarmu ta kwana?"

"Lafiya lau Kyaftin. Yaushe ta zama 'yarMU?"

"Tun ranar da na sha ruwan kogi saboda ita. Har yanzu ina jin yashi a haƙorina."

"Allah sarki. To ka yi a hankali yau, an ce ruwa ya ƙaru. In ka isa tsibiri ka turo min ko da harafi ɗaya ne."

Ya koyi lokacin tsallakar shanu, yana kashe inji tun daga nesa, ya bar jirgin ya bi ruwa shiru. Baƙinsa suka fi son wannan wurin ma fiye da komai, kowa ya ɗaga waya. Wani lokaci Khaula na can gaɓa da ƙwaryar furar mahaifinta, wanda take kira Baffa, ta yi kamar ba ta gan shi ba, sai jirgi ya wuce wayarsa ta yi ƙara: "Hularka ta karkace."

Kafin a yanke gero Mus'ab ya tura ƙanin mahaifinsa, Baba Badaru, neman izini.

Malam Bubayero, mahaifin Khaula, ya karɓe su a inuwar ɗorawa, aka kawo nono mai sanyi, aka gaisa har aka gaji. Baba Badaru ya faɗi abin da ya kawo su. Malam Bubayero ya yafito ɗan wansa Tukur, wanda ke taya shi kiwo, kuma kowa a rugar ya san ya daɗe da sa rai da Khaula. Tukur ya shiga bukka ya fito da buhu, ya zazzage shi a gaban baƙin.

Wani dunƙulallen abu ne baƙi, mai wari, ya kai girman tulu.

"Malam Badaru, ka san mene ne wannan?"

"A'a, Malam."

"Leda ce. Daga tumbin bijimina aka ciro ta. Ya bar cin ciyawa, ya rame, ya kwanta, muka yanka shi kafin ya mutu. Tun kakana muke kiwo a Tsibirin Gawo, ba mu taɓa ganin wannan ba sai bana, da ɗanku ya fara kawo mana mutanen gari." Ya gyara zaman sandarsa. "Ba na zagin sana'ar kowa. Amma wanda ke kashe min shanu ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba. Ku gaida gida."

Da yamma Khaula ta kira Mus'ab a waya.

"Mus'ab, tsakaninka da Allah, mutanenka na barin leda a tsibiri?"

"Wallahi ko ɗaya. Ni da kaina nake bi ina tsincewa kafin mu tashi. Je ki duba, ko bawon gyaɗa ba za ki gani a ƙasa ba."

Ta yarda da shi. Ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ruwa ne ke kawo ledar daga garuruwan sama, ba jirgin Mus'ab ba. Ba ta taɓa mayar wa Baffanta magana ba sai ranar. Mahaifiyarta, Inna Hansai, ta riƙe baki.

Tukur bai yi musu ba. Da safe ya ce, "Zo mu je, ƙanwata, akwai abin da zan nuna miki."

Ya tsallaka da ita a ƙaramin kwalekwale, ya kai ta bayan gawon. Ƙasar wurin duk shanu sun tone ta da kofato. Ga leda nan ta fito fululu: ledar alala, ledar ƙuli, ledar kilishi, ledar ruwa, wasu an tauna rabi. Shanu uku na tsaye suna lasa. Ɗaya daga cikinsu Wule ce.

"Ga gaskiyar Kyaftin ɗinki," in ji Tukur.

Saƙon da ya iske Mus'ab gajere ne.

"Na ga ramin da idona. Na ƙaryata Baffana a gaban mutane saboda kai. Kada ka sake kirana."

Ya karanta ya zauna daɓas a kan yashi. Ramin! Shi ya haƙa shi da hannunsa. A gidansu haka ake yi: shara a tara ta, a binne, a take ƙasa, wuri ya yi fes. Ya ɗauka tsafta yake yi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa saniya na jin ƙanshin gishiri da mai ta cikin ƙasa ba, balle ta tona.

Ya rubuta: "Ban yi miki ƙarya ba Khaula, jahilci na yi. Binnewa nake, na zaci na kawar. Laifina ne, bijimin Baffa a wuyana yake. Ba zan ce ki yafe ba sai na gyara."

Saƙon ya nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba.

Ya soke tafiyar makon, ya soke ta mako na gaba. Kullum da sassafe yana tura jirgi da gora, ba inji, ya sauka a tsibiri da shebur da buhuna. Ba rami ɗaya ba ne, ya fi kowa sani. Ya tone na bayan gawo, ya tone na Tsibirin Bado, ya tone na gaɓar yashi inda yara ke wasa. Yana rairaye ƙasar da rariya kamar mai neman zinariya. Makiyaya na wucewa suna kallonsa. Tukur ya ce masa, "Sannu da noma, Malam. Me aka shuka?" Mus'ab ya ce, "Abin da na shuka nake girba," ya ci gaba da tono.

Baba Badaru ya ce ya haƙura, mata ba su ƙare ba a Balan. Mahaifiyarsa ta kalli tafin hannunsa da ya yi kanta, ta ce, "Ƙyale shi, Badaru. Wannan ba zai ji ba."

Ranar wata Laraba da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Sunan da ya gani ya sa ya saki shebur.

"Mus'ab." Kuka take. "Wule ce. Ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura, tun jiya ba ta tsallako gida ba. Tana can ƙarshen Tsibirin Gawo. Baffa ya aika a kawo wuƙa."

"Ki ce masa ya dakata. Ki riƙe hannunsa in ta kama. Ina zuwa."

Ya san likitan dabbobi a Ajingi, Dakta Ɗayyabu, don ya taɓa kai shi yawo da iyalinsa. Ya same shi a waya, ya ce ya hau babur ya same shi a mashigi da kayan tiyata. Likitan ya iso yana ƙorafi, ya ga yadda kogin ya yi ja ya tumbatsa, ya ja da baya.

"Kai, ranar da ka kawo mu ba haka ruwan yake ba!"

"Sa rigar nan, Dakta, ka rufe ido. In ka ji mun tsaya ka buɗe."

Bai taɓa gudu da jirgin irin na ranar ba. Amma da ya hango garken a bakin tsibiri sai ya kashe injin, ya ɗauki gora, duk da kowane minti yana cin ransa. Malam Bubayero na tsaye a tudu, ya ga wannan.

Wule na tsaye da ƙyar, kanta a ƙasa. Khaula na riƙe da ita, mai wuƙa na gefe yana jira. Likita ya danna cikinta, ya saurara, ya ce, "Leda ce. Zan iya buɗewa in ciro, amma ban yi alkawari ba."

"A yanka saniya da rai, a ɗinke ta kamar buhu?" in ji Malam Bubayero. "In ta mutu a hannunka ta zama mushe. Ko naman ba mu samu ba."

"Baffa," in ji Khaula, "tawa ce. Kai ka ba ni kakarta. Na yarda."

Tsohon ya dubi 'yarsa, sannan ya ɗaga wa mai wuƙa hannu ya koma gefe.

Aka jingina Wule da gawo. Likita ya aske gefen hagunta, ya yi allurar kashe zafi. Ana buƙatar ƙarti biyu su riƙe ta. Mus'ab ya kama ƙaho ɗaya. Ya ɗago ido ya ga Tukur ya kama ɗayan.

"Riƙe hancin da kyau, ɗan gari," in ji Tukur. "Ba sitiyari ba ne."

Likita ya zura hannu har kafaɗa. Ya jawo, ya jawo, abin ya ƙi ƙarewa, baƙar igiyar leda mai wari tana ta fitowa tana taruwa a ƙasa. Khaula ta kau da kai tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Mus'ab bai kau da nasa ba. Kowace leda ya san ranar da ya binne ta.

Aka wanke, aka ɗinke, aka yi allurai. Rana ta karkata. Can Wule ta ɗaga kai, ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta miƙa wuya ta fizgi ganyen da ke hannun Khaula.

"Ta ci! Baffa, ta ci!"

Khaula ta zube a ƙasa tana dariya tana kuka. Tukur ya saki ajiyar zuciya ya ce, "Kai, alhamdu lillahi," har ya dafa kafaɗar Mus'ab kafin ya tuna, ya janye hannunsa. Mus'ab ya zauna a tushen gawo.

Malam Bubayero ya taka a hankali ya zaga bayan bishiyar. Ya ga ramin a buɗe, an rairaye shi tas. Ya leƙa cikin jirgi ya ga buhuna a jere. Ya dawo ya tsaya a kan saurayin.

"Tashi ka mai da ni gida a wannan abin naka."

Tsohon bai taɓa shiga jirgin inji ba. Ya zauna a tsakiya ƙiƙam, sandarsa a kan cinya, an ɗaura masa rigar ruwa mai ruwan lemo a kan babbar rigarsa. Sai da suka yi nisa ya yi magana.

"Su mutanen da kake kwasowa, me suke zuwa gani?"

"Ruwa, Baffa. Da tsuntsaye. Amma sun fi son shanu in suna iyo."

"Mutum ya baro Kano, ya hau mota, ya hau ruwa, don ya ga saniya ta jiƙe?"

"Har hoto suke ɗauka."

Tsohon ya girgiza kai, gemunsa na rawa, dariya ta ƙwace masa. Da ta lafa ya ce, "Ka yi min ɓarna, yaro. Amma na ga mutane da yawa sun yi ɓarna, ban ga wanda ya dawo da shebur ba. Sharaɗina biyu. Leda ba za ta sake hawa jirgin nan ba, ko ta Sarkin Ruwa ce. In baƙinka na jin yunwa, akwai ƙwarya, akwai fura a rugarmu. Na biyu, in shanu na ruwa, injinka ya yi shiru."

"Na ɗauka, Baffa."

"To ka ce wa Badaru ya dawo. Wannan karon ba buhu zan zazzage masa ba."

Kafin ya ɗaure jirgi saƙo ya shigo.

"Kyaftin ɗina. Wule ta ce ta yafe. Ni ma. Ka shafa man kaɗanya a hannun nan, na ga yadda ya fashe."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. A ƙarshe abin da ya tura shi ne: "Uwar Wule, yau zan yi barci."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a masallacin Toranke. Tukur ne ya raba goro, fuskarsa ba yabo ba fallasa, amma ya raba. Khaula ta ce ita a jirgi za a kai ta, ko da rabin hanya ne. Aka yi wa rumfar ado da zannuwan saƙi, aka jera ƙore da fayafai. Inna Hansai ta rako ta har bakin ruwa, ta riƙe hannayenta biyu.

"Allah ya yi miki albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Kai kuma, ka tuƙa min ita a hankali."

"In sha Allahu, Inna."

'Yan rakiya suka cika jirgi, guɗa ta tashi, gwaggon amarya ta ƙanƙame bencin tana cewa ita fa an cuce ta. Suka zaga Tsibirin Gawo sau ɗaya, rana na sheƙi a kan ruwa. Khaula ta ɗan ɗaga mayafi.

"Kyaftin."

"Na'am, amaryata."

"Yau kam hular ta zauna daidai."

Suna dosar mashigin da motocin Balan ke jira, Mus'ab ya hango wata baƙar jif da bai sani ba, an faka ta har bakin ruwa. Bayanta wata doguwar mota ce ɗauke da manyan bututai da injin da ya fi jirginsa girma. Wani mutum mai baƙin tabarau ya fito, ya tako yashi da takalmi sau-ciki, ko sallama bai yi wa masu guɗa ba.

"Kai ne mai jirgin nan?"

"Ni ne. Amma yau ba aiki, biki muke."

"Allah ya sanya alheri. Gobe da safe za ka fara tsallaka min da ma'aikata." Ya nuna tsibirin da makullin mota. "Wancan mai bishiyar. Yashinsa za mu kwashe. A gaya wa masu shanu su nemi wani wurin."

Guɗar ta tsaya cak. Khaula ta yaye mayafinta gaba ɗaya, ta miƙe tsaye a cikin jirgin.

"Malam," ta ce, "maimaita. Wane tsibirin?"